Harsashin da Ba a Saya a Kanti Ba

Ƙarfe tara na safe mai kai wasiƙu ya shigo caji ofis da gudu ya ce ya ga gawar Clive Haddon a bakin shinge, kusa da rijiyarsa ta burtsatse. Shekara ta biyu ke nan da fari ya kama yammacin jihar New South Wales.

Sufeto Lachlan Purcell bai ƙarasa shayinsa ba. Ya ɗauki hula, Saje Noonan ya ja mota.

Sun tarar da Clive kwance ruf da ciki, harbi ɗaya a ƙirji. Kusa da shi akwai ƙofar shinge da sabon kwaɗo. A ɗaya gefen wayar ƙasa ta sha sawun tumaki, amma babu ko ɗaya da ya kai ga kwamin ruwan.

"Wa ke da filin can?" Sufeto ya tambaya.

"Arch Dunleavy, Yallaɓai. Amma rabin garin nan ba sa ga maciji da Clive," in ji Noonan.

Da azahar likita ya ajiye musu harsashin da ya ciro daga gawar a faranti. Sufeto ya juya shi da ɗan yatsa. Dalma ce zalla, ba rigar jan ƙarfe irin ta harsashin kanti, kuma ya fi na soja ƙanƙanta. A gindinsa akwai ɗan tabo kamar an latsa farce.

Bai zauna ba. Ya wuce shagon Vern Ottley, maƙerin bindiga.

"Zubin gida ne wannan," in ji Vern, bayan ya duba da gilashi. "Ka san doka ta matsa wa masu riƙe bindigar soja yadda take. Sai su kawo min, in sauya bututun zuwa ƙaramin baki. Uku na yi a yankin nan. Ɗaya ta ƙone da mai ita a gobarar daji. Saura ta Merv Tolhurst da ta Arch Dunleavy."

"Wa ke narka dalma a cikinsu?"

"Merv. Wannan tsohon ko bututun famfon gidanka ya samu sai ya narke shi."

Sun sami Merv a rumfar kwano bayan gidansa, tukunyar dalma a kan murhu, warin kakin zuma da kitsen rago ya cika wurin. Da su yake shafe harsasansa kafin ya cusa su cikin kwanso.

"Dattijo, ina mazubin harsashinka?"

Merv ya miƙo shi, hannunsa na rawa sosai har ƙarfen na ƙara. Sufeto ya buɗe. A gindin ramin akwai ɗan ƙullutu. Ya ɗora harsashin likita a kai, tabon ya zauna daidai.

"Naka ne."

"To, nawa ne. Ni na harbe shi. Kai ni."

Sufeto ya dube shi, ya dubi hannun. "Kawo bindigar."

Merv ya yi jinkiri, sannan ya zaro ta daga bayan buhuna. Sufeto ya ja ƙarfen ɗuri da ƙyar, ya ɗaga bututun ga rana. Yanar gizo-gizo ce a ciki.

"Kai ko kofin shayi ba ka iya kaiwa baki bai zube ba. Wa ka ba harsasai?"

"Ba na ba kowa."

"Tukunyar nan ta wa ka ɗora, tunda ka daina harbi?"

"Hannu ne ya saba," Merv ya ce, ya juya baya yana motsa dalmar.

A mota Sufeto ya kasa zama wuri ɗaya. Ya kunna sigari, ya kashe, ya sake kunnawa.

"Me ya haɗa Merv da Arch?"

"Tare suka yi yaƙi a New Guinea, Yallaɓai. An ce Arch ne ya goyo shi daga daji da rauni a cinya."

"Taka motar nan, Noonan. Kamar jana'iza kake rakawa."

Tun kafin su kai gidan Arch wari ya tare su. A bayan garke an haƙa rami mai tsawo da tarakta, an rufe rabinsa. Noonan ya toshe hanci da hula.

Arch Dunleavy na zaune a baranda, dogo, rana ta ƙone masa wuya. Bai tashi ba.

"Ka ji labarin Clive?" Sufeto ya tambaya.

"Na ji. Ba zan yi maka ƙaryar kuka ba."

"Ina kake da safiyar nan?"

"Nan. Ina binne tumaki."

"Bindigarka fa?"

"Tana ciki. Rabona da ita tun bara. Kuma ni harsashin kanti nake sa mata, ba na wasa da tarkacen Merv."

"Ban ambaci Merv ba."



Noonan ya fito da bindigar. An goge ta tas, tana ƙamshin mai. Sufeto ya zare ƙarfen ɗurin, ya leƙa bututun. Sannan ya naɗa ƙyalle a sandar gogewa, ya tura da ƙarfi, ya zaro. Ɓarɓashi mai launin toka yana ƙyalli a jikin ƙyallen.

"Harsashin kanti jan ƙarfe yake bari a bututu," Sufeto ya ce. "Wannan dalma ce, kuma mai yawa. Ba harbi ɗaya ko goma ya tara ta ba. In sa Saje ya tono min kan tunkiya ɗaya daga ramin can?"

Arch ya dubi ramin.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu," ya ce a hankali. "Kwana uku ina harbinsu. Ba sa iya tsayuwa, hankaki na ƙwaƙule musu ido da ransu. Harsashin kanti ya ƙare a gari, Merv ya zauna ya zuba min. Bai san komai ba bayan wannan."

"Clive fa?"

"Shekara talatin muna shayarwa a rijiyar nan, tun zamanin ubansa. Watan jiya ya sa kwaɗo. Yau na kora ragowar zuwa ƙofar, na ce, Clive, awa ɗaya kawai. Ya ce in sun gama mutuwa in zo mu yi maganar sayar masa da filina." Ya shafa fuska. "Bindigar na kafaɗata. Ban ma san na ɗaga ta ba sai da na ji ƙarar."

"Merv ya ce shi ya yi."

Karon farko Arch ya ɗago kai. "Tsohon banza. Ko ƙofar rumfarsa ba zai samu da harbi ba daga taku biyar. Kada ka rubuta wannan, Lachlan."

"Ban ji shi da kyau ba. Tukunyarsa na ƙara."

Noonan ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya buɗe ƙofar bayan motar da kansa.

Arch ya ɗauki hularsa, ya sauko daga baranda. A bakin motar ya tsaya, ya dubi garken inda ragowar tumakin suka cure a inuwar bango.

"Saura sittin. Tun jiya ba su sha ba."

Sufeto ya dubi agogo, ya dubi hanyar gari mai nisan awa biyu.

"Noonan, akwai almakashin waya a bayan mota. Kora su rijiyar. Za mu jira ka."

Suka zauna su biyu a cikin motar, ƙofofi a buɗe saboda zafi, suna kallon Saje na fama da tumakin.