Koriyar Fitilar Cajar Virgil

Ƙarfe biyu na rana aka kira Sufeto Odom. An tsinci gawar Virgil Hatcher, ɗan shekara tamanin da ɗaya, zaune cikin 'yar motarsa ta golf mai aiki da batir, a bayan tafki, inda ko inuwar sanda babu. Batir ya mutu, ga ƙafa ba ta ɗaukarsa. Zafin ranar Florida ya ƙarasa shi.

A wannan unguwa tamu ta tsofaffi, katanga ce ta ko'ina, ƙofa ɗaya. Wanda 'ya'yansa suka karɓe wa lasin tuƙi, motar golf ce ƙafarsa.

Odom ya fara da garejin mamacin. Ya jona cajar a jikin motar da aka jawo. Ba a yi minti goma ba fitilar cajar ta koma kore, wai batir ya cika.

"Haka ta nuna da safe, Mama?"

"Haka ta nuna," in ji Loretta, matar Virgil, tana tsaye bakin ƙofar kicin. "Ni ban taɓa taɓa motar nan ba. Tambayi Rufus. Shi ya zuba mata ruwa ranar Talata."

Aka ɗauko Rufus. Shekara arba'in yana gyaran batir, bai taɓa zama a aji ba, amma ya binne likitoci uku da suka ce masa kwanansa ya ƙare. In an tabbatar sakacinsa ne, a kurkuku zai ƙare.

"Baba, ranar Talata kana ina?"

"Asibiti, ɗana, ana leƙa mini ciki. Rabona da gidan nan wata guda. Matsa in gani, kana tare mini haske da wannan tumbin."

Ya ɗaga kujerar motar, ya buɗe murafen batir ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya tsaya. Farin gari ya kwanta a bakin ramin, haka ma a ramuka biyar da ke binsa.

"Caja ba ta da wayo. Ta ga batir ya ƙi karɓa, ta ɗauka ya ƙoshi. Wannan bekin soda ce, ta haɗa kek. Kowa a nan da ita yake wanke kan batir. Amma in ta shiga ciki, ta kashe asid, ruwan batir ke nan."

"Kuskure?"

"A ramuka shida? Haba ɗana. Cokali aka sa."

Odom ya dubi wandon tsohon. Duk ƙananan huji, kamar gara ta ci.

"Asid ne," in ji Rufus. "In ya fallatsar maka ba ka ganin komai. Sai an wanke tufar hujin ke fitowa."

Sufeto ya shiga cikin gidan. Ya wuce ɗakin wanki, ya buɗe injin shanya. Ya dawo riƙe da rigar girki mai furanni, ya ɗaga ta saitin taga. Haske ya ɓullo ta gabanta wuri goma sha.

"Taki ce, Mama?"

Loretta ta daɗe tana kallon rigar. Sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Ruwan batir ne ya yi kumfa, ya taso mini," ta ce a hankali. "Shekara huɗu ke nan hankalinsa ya tafi. Kullum sai ya hau motar nan wai zai je gidan uwarsa. Sau tara ina nemo shi. Na ɓoye makulli, ya mare ni. Na zare caja, ya mayar. Ba na wanka sai kunnena na gareji."

"Sai kika zuba sodar."

"Don kada motar ta tashi. So nake ta mutu a nan, ya zauna kusa da ni. Ban san za ta kai shi tafki ba. Na ji fitarsa, Yallaɓai. Na ce bari in rufe ido minti biyar, ai ba za ta yi nisa ba."

"Shi kuma Baba Rufus da kika ɗora wa?"

Ta kasa duban tsohon. Rufus ya cire hularsa.

Odom bai sa mata ankwa ba. Ya buɗe mata bayan mota. Da suka isa babbar ƙofa, maigadi ya ɗaga sanda. Loretta ta manna goshi a gilashi, tana kallon wajen katangar da ta daɗe ba ta fita ba.

"Yaushe aka yi wa titin nan kwalta?"

"Shekara uku ke nan, Mama."