Bugu na Takwas

Bunu ya sha faɗa a majalisa cewa duk Haɗeja ba a haifi abin da zai sa shi gudu ba, mutum ko aljan. Shi ya sa da Yakaka ta nemi mai ɗauko mata agogon mijinta daga bakin kogi, ya yi wuf ya miƙe.

"Wannan ai aikin yara ne, Yakaka. Kafin a kira magariba na dawo."

Mijin nata, Inuwa, tsohon soja ne. Daga yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo da agogon tagulla na jirgin ruwa. Ba ya buga awa irin na ofishin Bature. Kowane rabin awa yakan ƙara bugu ɗaya, in ya kai takwas mai gadi ya sauka, wani ya karɓa. Da shi ake raba gadin jinga, tudun ƙasar da ke tare kogi daga gonakin shinkafa. Inuwa kuwa ko sama za ta faɗo ba ya barin gadi sai ya ji takwas.

Ranar da jingar ta karye da la'asar, Bunu ne zai karɓe shi. Bai je ba. Ya ce bai ji takwas ba, agogon ne ya lalace. Ruwa ya tafi da Inuwa, kwana arba'in ke nan.

Rana ta yi ja sa'ad da Bunu ya isa rumfar gadi. Warin laka da ruɓaɓɓiyar shinkafa. Kwaɗi na ta kuka. Agogon na rataye a jikin dirka, ba wanda ya wana shi tun ranar.

Ya miƙa hannu. Kwaɗin suka yi tsit.

Kyal-kyal.

Biyu-biyu yake bugawa. Bunu ya ƙirga ba da son ransa ba. Huɗu. Shida. Bakwai. Shiru.

Ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawunsa.

"Bunu," aka ce daga cikin ciyawa, ƙasa-ƙasa, da muryar Inuwa. "Ka zo karɓa?"

"A'uzu billahi..."

"Na gaji da tsayuwa. Sauko."

Wani abu ya kama gefen rigarsa. Yatsu ne, jiƙaƙƙu. Suna ja.

Ya fizge ya zura a guje, takalmi ɗaya a laka, agogon manne da ƙirjinsa. Bai tsaya ba sai ƙofar masallaci, daidai an sallame. Ya zube yana haki, wandonsa sharkaf.

"Jarumi, ruwan kogi ne wannan?" in ji Sa'idu, abokin majalisarsa, aka kwashe da dariya.

Yakaka ba ta yi dariya ba. Ta fito daga zaurenta na kusa ta karɓi agogon, ta buɗe bayansa yadda ta saba ganin mijinta na yi. Ta zaro wani tsumma mai shuni da aka cusa tsakanin guduma da ƙararrawa.

Kyal.

Na takwas ke nan. Dariyar ta mutu.

Ta kara tsumman a gefen rigar Bunu, inda aka yi faci. Tsumman ya yi daidai da wurin cif.

"Wasa ne," in ji Bunu. "Inuwa na alwala na cusa. Dara nake so in ƙarasa, wallahi."

"Maigidana ya sauka gadi yanzu," in ji Yakaka, ta ɗora masa agogon a cinya. "Gadin naka ne."