Makunnin Kadijatu

Tsakanin uwar da ta ƙi barin garin da aka binne mijinta, da matar da ubanta ya hana ta tarewa a cikinsa, wa ya fi haƙƙi a kan namiji? An kai maganar gaban masu karatu, kowa ya karanto nasa, amma har yau babu amsar da ta ishi Na'Allah.

Shekara huɗu ya yi yana gina gidan nan a bakin Gatawa, ciki da falo. Shi ya buga bulo, shi ya ɗora, kwano kaɗai ya kira wa kafinta. Aikin wuta ma ba wanda ya koya masa. Tsayuwa ya riƙa yi bayan masu haɗa sola a kasuwar Sabon Birni har idonsa ya ɗauka.

Tun kakar bara aka ɗaura aurensa da Kadijatu, sai dai ba ta tare ba. Da ɓarayin daji suka shiga garin karo na biyu, mahaifinta Malam Sodangi ya kwashe iyalinsa zuwa Sabon Birni, ya ce ɗiyarsa za ta tare in gida ya ƙare, in kuma gari ya lafa.

Ranar da Na'Allah yake sassaƙa bango don binne bututun waya, ta zo ganin aiki a bayan babur ɗin wanta Yero. Kadijatu gajera ce. Na'Allah ya jingina ta da bangon ɗaki, ya ja layi da gawayi daidai kafaɗarta, a nan ya dasa makunnin fitila. Yero ya yi ta dariya, yana tambayar injiniyan Gatawa ko don awaki ya sauko da shi ƙasa haka.

Da aka ɗora farantin sola aka haɗa batir, ya roƙe ta ta fara kunnawa. Ta ɓoye hannu cikin hijabi.

"Ba za ni taɓa shi ba sai ranar da anka kawo ni. Kai ma kada ka taɓa min."

"In kuma na yi kuskuren haɗi hwa?"

"Sai mu ci tuwon amarci cikin duhu, injiniya, in yi ta ba jikoki labari."

Ya gwada kowace waya da abin gwaji, ya kunna makunnin falo da na zaure, amma na ɗakin ya ɗaure shi da leda don kada fenti ya ɓata shi. Haka ya zauna wata bakwai.

Gida ya ƙare, gari bai lafa ba. Sau uku yana durƙusawa gaban mahaifiyarsa Hajo a kan su bi mutane su tashi. Ta ce inda aka rufe ubansa nan za a rufe ta, shi dai ya tafi, ta yafe masa. Amma gwiwoyinta ba sa kai ta rijiya, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya biyar.

Wata Laraba da hantsi yana goge fentin da ya ɗiga a daɓe, ya ji tsayuwar babur. Yero bai shigo ba, bai ma kashe injin ba. Kadijatu kaɗai ta yi sallama.

Tana tsaye a tsakar ɗaki ta gaya masa. An tare motar kasuwa a hanyar Isa, an tafi da ƙanen mahaifinta. Jibi gidansu gaba ɗaya za su ƙetara zuwa Maraɗi. Malam ya ce ba ya neman takardar saki a hannun kowa, aure yana nan, amma kada a sake tambayarsa ranar tarewa a Gatawa.

"Ka taho mu tahi..." in ji ta. "Ko ɗakin kara ne na yarda."

"Inna hwa?"

Ita ma dai ta san halin Hajo.

"Ki ba ni damina guda, Kadi. Wataƙila..."

"Bara ma haka munka ce."

Ya nuna mata ƙusoshin da ya kafa don labulenta, da soket ɗin da ya sa kusa da inda gadonta zai zauna. Yana magana yana jin kansa kamar dillalin da ke tallar abin da aka riga aka fasa saye. A waje Yero ya danna oda.

Kadijatu ta taka zuwa bango. Layin gawayin ya daɗe da ɓacewa ƙarƙashin fenti, amma ledar tana nan daidai kafaɗarta. Ta fara warware ta.

"Bari," in ji Na'Allah. "Ke kinka ce sai ranar."

"Na sani."

"Don Allah ki bar shi. In kin bar shi, da sauran..."

Hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta ɗora yatsa ta danna.

Bai yi kuskuren haɗi ba. Ƙwan ya kama, ɗan haske fari wanda da ƙyar ake ganinsa saboda ranar da ke shigowa ta taga. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa.

"Ya yi kyau, injiniya," ta ce.

Ta naɗe ledar ta damƙa masa a hannu, ta fita ba ta kashe ba.