Batirin Keken Baba

Ranar da ya fara ganinta, tana tsugune a ƙofar kemis ɗin da take aiki, tana ɗaure kekenta da sarƙa ta tayar gaba. Shi kuwa mai gyaran keke ne, ba ya iya ganin irin wannan ya wuce.

"Malama, ɓarawo zai sa miki albarka. Noti biyu zai kwance, ya bar miki taya ki rungume."

Ta ɗago ta harare shi. "Wa ya tambaye ka?"

Ya tsuguna kusa da ita. Ya karɓi sarƙar, ya zura ta cikin jikin keken, ya haɗa da tayar baya da turken ƙarfe. Tun daga ranar ta laƙaba masa Sifana, shi kuma yake ce mata Zuciyata.

Babanta dai bai taɓa sakin fuska ba. "Yaron da hannunsa kullum baƙin mai?" Ya fi son mai shagon waya na tsallaken titi, wanda shi ma yake nemanta.

Baba na da keken lantarki. Tunda gwiwoyinsa suka ƙi, shi ne ƙafarsa. Wata safiya ya ajiye shi kusa da kemis ya shiga wurin aski. Sifana ya zo wucewa, ya ga an ɗaure tayar gaba kawai, ga makullin batiri a jiki. Kai, neman suna wurin suruki! Ya zare batirin, wai ya kai masa har ciki ya yi masa bayani.

Suna fitowa tare, taya kaɗai suka tarar a jikin turke.

Mai shagon waya kuwa ya ɗauki bidiyon Sifana yana zare batiri. Kafin la'asar unguwa duk ta gani.

"Kai ka ɗauke batiri, abokinka ya ɗauke keke," in ji Baba. "Kada in sake ganinka kusa da 'yata."

Masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Baba ya koma zaman gida, daga ɗaki sai tsakar gida da sanda. Ita kuwa ta rame, ko abinci sai an matsa mata.

Ta rubuta masa: "Sifana, na san ba kai ba ne. Amma in na ga Baba yana jan ƙafa, wallahi sai in ji haushinka. Ka yafe min."

Ya amsa: "Ki ji haushin, Zuciyata, na cancanta. Amma keken nan babu batiri. Duk wanda ke riƙe da shi, dole ya fito nema."

Ya bi masu sayar da batiri shago shago, yana ba su lambar da ke ƙarƙashin jikin keken. Wasu suka karɓa, wasu suka yi masa kallon ɓarawo. Wata huɗu, shiru kake ji.

Sai ga kira daga wani tsohon abokin sana'a. Wani ya kawo keke an fesa masa baƙin fenti, yana neman batiri, kuma lambar ta yi daidai. Mutumin na ganin ana duba lamba ya ranta a na kare.

Aka kai wa Baba kekensa duk a ƙuje. Kwana uku keken na jingine a tsakar gida.

Rana ta huɗu da hantsi, lokacin da titi ya cika, ya turo keken da kansa, yana ɗingishi, har ƙofar shagon Sifana da babu mai kawo gyara ko ɗaya. Ya ɗaga murya yadda na tsallaken titi zai ji:

"Ɗana, duba min birki. Na zalunce ka. Ka turo manyanka."

Sifana ya sunkuya kan tayar, hawaye na ɗiga a hannunsa.

Bikin bai tara jama'a ba, don har yanzu bidiyon na wayar wasu. Amma Baba ya riƙe hannuwansu biyu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga bakin mutane."

Ta ce amin tana kuka, ba ta saki hannun mijinta ba.