Sa Hannu Daga Yelahanka

Gara in faɗa tun yanzu: har yau da yatsa ɗaya nake latsa waya. Sufeto Basavaraj Hiremath ma haka yake, shi ya sa muke shiri.

Ranar Talata aka kira shi wani ƙaramin kamfanin manhajar waya a Bengaluru. An ɗauke kwamfutar shugabar, Nirmala Pai, da ƙarfe ɗaya, tana wajen cin abinci. Kujera arba'in ne a ofishin, duk wayam. Kowa daga gida yake aiki.

"Me ke cikinta?" in ji Hiremath.

"Hotuna ne kawai," in ji Nirmala.

"Saboda hotuna kike wannan gumin?"

Ta sunkuyar da kai. "Da sunayen waɗanda zan sallama."

Ita dai tsohon maigadi, Muniyappa, take so a kama.

"Ban motsa daga ƙofa ba, ranka ya daɗe!" in ji tsohon.

"Baba, ga kumfar kofi nan a gashin bakinka," in ji Hiremath.

"To, minti goma ne."

Hiremath ya san in ya koma caji ofis hannu rabbana, tsohon nan ne zai kwana a sel.

Nirmala ta nuna masa manhajar da ma'aikata ke sa hannu da ita sau uku a rana, tana nuna inda kowa yake. Da ƙarfe ɗaya, kowa yana gidansa.

Aka saka masa ita a waya. Ya buɗe shafin sa hannu a nan ofis, ya rasa inda ake latsawa, kunya ta hana shi tambaya. Ya tafi can ƙarshen titi ya ci dosa, wainar shinkafa ta can, shi kaɗai, kamar kullum tun da matarsa ta tafi Mysuru wajen jika. A nan ya gano maɓallin, ya latsa.

Wayar ta ce yana ofis.

Ya koma ya nuna wa Nirmala.

"Babban shafi muke kira uwa, na sa hannu kuma ɗa," ta ce. "Lokacin da aka buɗe ɗan ne uwar ke miƙa masa adireshi. Bai kamata ya riƙe tsohon adireshi ba."

"In na buɗe a gida, na zo nan na latsa fa?"

"Zai ce kana gida."

"Wa ya rubuta shi?"

Sai da ta tono tsofaffin fayiloli. "Wani Girish Kamat."

Gidan Girish ɗaki ɗaya ne a unguwar Yelahanka, kofi ɗaya, faranti ɗaya. Girish ya share wa sufeto kujera da hannun rigarsa.

"Ina gida, yallaɓai. Manhaja ta shaida."

"Ni ma ta shaida ina ofis, alhali ina cin dosa. Yaushe ka buɗe shafin?"

Girish ya tashi ya nufi katifarsa.

"Sha ɗaya. Na bar shi a buɗe na hau bas." Ya jawo kwamfutar daga ƙarƙashin katifa. "Na san kuskuren tun bara. Sau uku na rubuta musu, ba wanda ya amsa. Wata takwas ba a kira ni taro ba. So nake kawai in ga ko sunana na ciki."

"Ka gani?"

"Na kasa buɗe ta."

Girish ya kashe fanka, ya kulle ɗakin. A mota ya yi ta hira har suka isa, sufeto bai katse shi ba.

Washegari Nirmala ta buɗe kwamfutar. Sunan Girish ba ya cikin waɗanda za a sallama. Ba ya cikin waɗanda za a bari ma.