Lambar Yaya a Ƙofar Ɗakin Awo

Batir kawai za ta canza. Abin da aka rubuta a takardar fita ke nan, shi ne kuma abin da ta gaya wa Umma da safe tana ɗaura takalmi. Ba ta dai faɗa mata wane ɗakin awo ba ne.

Auta ake ce mata, gida da ofis, don yayanta ne ya kawo ta aikin, sunan ya biyo shi. Ofishin taswira ne. Aikinta ta zauna gaban kwamfuta ta duba hotunan da tauraron ɗan Adam yake ɗaukowa daga sama, ta auna inda kogi ya ci gaɓa, inda daji ya ja baya, inda yashi ya rufe gona. Yaya kuwa mutumin fili ne. Shi yake takawa da ƙafarsa ya tabbatar abin da hoto ya nuna haka yake a ƙasa.

Duk ma'aikatan ofishin an dasa musu wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, tsakanin babban yatsa da manuniya. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, shi ya sa suke ce mata shinkafa. Kowa da lambarsa a ciki. Ka ɗora hannu a kan allon ƙofa, ya yi ɗit, fitila ta yi kore, ƙofa ta buɗe. Lambarka da lokacin da ka shiga su tafi ofis.

Shekara biyu da suka wuce, hoto ya nuna wani zobe baƙi a tsakiyar busasshen tafki, kewayayye tsaf kamar katangar gari. A ƙasa babu komai sai tsagaggen taɓo. Yaya ya tafi ya kafa ƙusoshin awo a wurin. An samu motarsa, an samu hularsa da igiyar awo. Shi ba a same shi ba. Har yau Umma tana wanke zanen gadonsa duk mako.

Wata guda ke nan Auta tana ganin abin da ta kasa faɗa a gida. Kullum rana na faɗuwa, ƙofar ɗakin awo da ke bakin tafkin tana buɗewa. Lambar da ke buɗe ta ta Yaya ce.

Mai gyaran na'ura ya ce allon ne ya sha zafi. Shugaban sashe ya ce ta yi haƙuri, ya kawar da kai. Ita kuwa ta sa a ranta yana raye, wataƙila kansa ya taɓu, yana zuwa ya fake a ɗakin da ya sani. Da batir ɗin ɗakin ya fara rauni, ta ce ita za ta je. Ta sa riga wankakkiya da silifas ɗinsa a jaka.

Baba Direba ne ya ja motar. Shi kaɗai ya ƙi yarda a dasa masa komai.

"Ni jikina ba rumbu ba ne da za a zuba mini shinkafa," ya ce yana dariya. "Makullin mota ya ishe ni."

Taya ta yi faci a hanya. Kafin su gyara su isa, rana ta yi ja ta sauka a kan itatuwa. Baba Direba ya kashe mota, ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon tafkin.

"'Yata, yi sauri. Wurin nan ba kango ba ne. Akwai masu shi."

"Baba, shekara ashirin ba ruwa a nan. Ko tsuntsu babu."

"Shi ne abin da ban so ba," ya ce a hankali. "Ko tsuntsu babu."

Ɗakin awo ɗan ƙarami ne, na bulo, da ƙofar ƙarfe, da farantin sadarwa a kan rufi mai kallon sama. Ta ɗora hannu a allo. Ɗit. Baba Direba ya shigar mata da sabon batir, ya ajiye, ya koma wajen mota ya ɗaure tsohuwar tayar. Ƙofa ta rufe kanta a bayansa, makulli ya faɗa.

Ta duba ko'ina. Ba tabarma, ba kwano, ba alamar wani ya taɓa kwana. Ƙura ta rufe tebur. Amma a ƙasa, daga bakin ƙofa zuwa gaban taswirar da ke manne a bango, akwai busasshen taɓo, layi ɗaya, kamar an yi ta jan buhu. Taswirar kuma an goge ta da yatsa har takarda ta huje. Ba wajen tafkin aka goge ba. Hanyar da ta fita daga tafkin ta nufi gari aka bi.

Ta durƙusa ta kwance wayoyin tsohon batir. Ta ɗaura ja, ta ɗaura baƙi. Na'urori suka farka suna ƙyafta ido.

A lokacin ta ji warin.

Warin ruwa ne. Ruwan da ya daɗe a tsaye, da ruɓaɓɓen ganye, da kifi. Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, sanyi na biye da shi.

Sai kwaɗo ya yi kuka. Ɗaya. Wani ya amsa. Kafin ta miƙe, dubbai ne, ta kowace kusurwa, har rufin yana amsawa.

Suka yi shiru gaba ɗaya.

Taku. Ba na takalmi ba. Caɓ. Caɓ. Yana zuwa daga ɓangaren tafki, ba daga ɓangaren mota ba.

"Baba?" ta ce. Muryarta ba ta kai ƙofa ba.

Takun ya tsaya.

Ɗit.

Fitila ta yi kore.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Jan hasken yamma yana bayansa, don haka fuskar ba ta fito ba. Amma tsayinsa ne. Kafaɗarsa ce, ta hagu ta ɗan sauka saboda ɗaukar jakar awo. Rigar aikinsa ce, sharkaf, ruwa yana ɗiga daga bakinta.

"Auta," ya ce. "Kin daɗe."

Muryarsa ce, har da ɗan kaushin nan na safe kafin ya sha ruwa.

"Yaya. Yaya, ina ka shiga? Umma ta ƙare. Ga rigarka na kawo, ga takalminka, zo mu tafi gida."

"Gida," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ƙofa nawa ce kafin gida?"

Ba ta tsaya ta auna tambayar ba. Ya miƙo hannun dama. Ta san hannun nan fiye da nata. Ga tabon sarƙar keke a bayan yatsa, ranar da yake koya mata tuƙi. Ga farcen da ƙofar mota ta taɓa datsewa. Ta kama shi da hannu biyu tana kuka.

Sanyi ƙalau. Ba nauyi.

Ta ɗan ja shi zuwa ƙirjinta. Hannun ya biyo ta fiye da yadda hannu yake biyowa. Hannun riga ya zame baya.

A daidai gwiwar hannu, hannun Yaya ya ƙare.

Daga nan wasu yatsu ne suke riƙe da shi, dogaye, baƙaƙe, masu gaɓoɓi da yawa. Sun riƙe shi yadda mutum yake riƙe makulli.

Ta buɗe baki za ta yi ihu.

"Kun leƙa mu daga sama," abin ya ce. Har yanzu muryar Yaya ce, amma akwai wasu a ƙarƙashinta, tsofaffi da yara, suna magana tare. "Kun zana ɗakunanmu. Ya zo ya buga ƙusa a kan gadon jaririnmu."

"Bai sani ba," ta ce da raɗa. "Wallahi bai sani ba."

"Mu ma muna so mu ga naku."

Matattun yatsun Yaya suka motsa. Suka naɗe wuyan hannunta. Babban yatsansa ya lalubo wurin shinkafar, ya danna.

"Hannun nan nasa ƙofa ɗaya yake buɗewa yanzu. Ya tsufa."

Ya ƙara dannawa. Wani zafi ya soke ta kamar allura mai sanyi, ya haura har kafaɗa.

"Naki da ɗumi."

Ya ja.

Ta dafe bakin ƙofa da hagu. Ƙafarta ta zame a taɓo. Ta ga waje.

Tafkin cike yake. Ruwa baƙi har inda ido ya tsaya, ba ko motsi. A tsakiya ga katanga kewayayye, ga fitilu ƙanana a kanta. A gaɓa kuma mutane ne a tsaye, jere, ruwa ya kai musu ƙugu. Ba wanda yake da fuska. Duk sun miƙo hannu.

Yatsanta ɗaya ya saki ƙarfe.

Na biyu.

Sai hon ya tsage wurin. Fitilun mota suka haske ƙofar. Baba Direba ya ɗora dutse a kan hon, ya diro da gudu, yana ambaton sunan Allah da iyakar muryarsa. Ya ƙi kallon abin. Ya rufe ido, ya rungumo ta ta ƙugu, ya jefa kansa baya da duk nauyinsa.

Wani abu ya ɓalle. Suka faɗi tare.

"Tashi! Kar ki waiwaya! Tashi, 'yata!"

Ya tura ta mota. Ya ba motar wuta. Tayoyin baya suka yi ta juyi a wuri ɗaya, taɓo yana feshi, a ƙasar da suka taka a bushe ɗazu. Wani abu ya shafi bayan motar, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Auta," aka ce daga bayan gilashi. "Ki gaida Umma."

Taya ta kama dutse. Motar ta yi tsalle ta fita.

Suka hau kwalta. Baba Direba ya tsaya a gaban wani gidan mai, ya kifa kansa a sitiyari. Auta ta dubi hannunta. Ba jini. Ba ko ƙwarzane. Sai shatin yatsu biyar, fari fat, kamar an ɗora mata ƙanƙara.

Washegari ta je asibitin ma'aikata ta ce a cire mata shinkafar. Likita ta yi mata allurar kashe zafi, ta tsaga kaɗan, ta zaro ta da ɗan hantsaki, ta ajiye a faranti. Ƙa'ida ce a karanta lamba kafin a soke ta. Ta kusanto da na'urar karantawa. Ta duba allo, ta duba takarda, ta sake karantawa.

"Ƙanwata, wa ya dasa miki wannan?"

"Ke, likita. Shekara huɗu da suka wuce."

Likita ta juyo mata da allon. Sunan Yaya ne, da hotonsa, yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya.

"To ina taki?" likita ta ce.

Auta ta dubi shatin yatsun da ke wuyan hannunta.

A ranar aka soke lambobin biyu. Shugaban sashe bai nemi bayani ba. Ya sa aka rufe ɗakin awon, aka bar batir da na'urori a ciki, ba wanda ya ce a je a kwaso. Baba Direba ya koma tuƙin cikin gari. Auta ta nemi a mayar da ita sashen taswirar tituna. Maigadin ofis ya ce wasu ranakun, rana na faɗuwa, allon babbar ƙofa yakan yi ƙara, fitila ta yi ja, alhali ba kowa a gabansa. Yakan share ɗan ruwa a wurin da safe.

Abin da ya fi mata wuya shi ne Umma. Kwana uku tana juya maganar. A na huɗu ta zauna a gabanta, ta buɗe auduga, ta nuna mata 'yar ƙwayar. Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwayar ta ɗora a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Da na haife shi, ungozoma cewa ta yi ba ta taɓa ganin jariri mai nauyinsa ba," ta ce. Ta ɗan yi murmushi. "Dubi abin da aka dawo mini da shi."

Suka binne ta a bayan ɗaki, su biyu, da cokali suka haƙa ramin.

Rauni ya warke cikin mako. Shatin yatsun bai tafi ba. Kullum idan rana ta zo faɗuwa, hannun Auta yakan yi sanyi tun daga wuyan hannu har farce, yatsun su fara miƙewa da kansu, suna neman ɓangaren da tafkin yake. Umma ta gane lokacin. Duk abin da take yi sai ta ajiye, ta zo ta zauna kusa da ita, ta sa hannun a tsakanin nata biyu, ta riƙe gam.

"Ɗaya suka samu," takan ce, ba Auta take kallo ba, ƙofa take kallo. "Wannan kam sai sun haɗa da ni."