Ramin Da Abdulfatah Ya Cike

Ku yaran yanzu ba ku da kunnen ji. Mutum ya yi aure, ya haifi ɗa ɗaya, sai ya ga ya fi ƙarfin tambaya. Kuna zaɓen wurin zama kamar masu zaɓen takalmi, a turo hoto a waya, a ce ya yi. Ba mai zuwa ya zauna a wurin har rana ta faɗi, ya ga yadda yake. To ku saurari abin da ya sami Abdulfatah, direban tifa, ɗan unguwar Dilimi.

Ɗaki ɗaya suke ciki a gidan haya, shi da matarsa Ummukulthum da 'yarsu Sumayya mai shekara shida, ga jariri a goye. Wuri ya yi musu kaɗan, wannan gaskiya ne. Gwaggon matar, Habiba, ta ce ga ɗaki biyu a bayan gidanta a nan Dilimi, akwai rijiya, Islamiyya tana bakin ƙofa. Ummukulthum nan ta so. Shi kuwa ya ce ya gaji da layin ban-ɗaki da idon dangi. Yana kai yashi unguwar Rayfield, ya ga gidaje masu katanga da furanni, ransa ya biya. Ya samo fili can gaba da Tina Junction, inda gari ya fara ƙarewa, ya nuna mata hoto.

Ta ce, "Ina ruwa? Ina makaranta? In yaro ya yi zazzaɓi wa zan kira?"

"Gari can yake tafiya, Ummu. Nan da shekara biyu ba za ki gane wurin ba."

Abin da hoton bai nuna ba shi ne rami. Tsohon ramin haƙar kuza ne a tsakiyar filin, tun na zamanin Turawa, da ɗan koren ruwa a ƙasansa. Wani Bafulatani mai suna Yero, da ke kiwo a wajen, ya same shi yana aune-aune. Ya ce masa ramin da ya daɗe ba a cike shi haka kawai. Ana zuwa kwana uku a jere, a yi sallama, a ce in da mai zama a nan ya tashi, sannan a zuba ƙasa. Abdulfatah ya ce ya ji. Amma Lahadi ɗaya tak ogansa Romanus ya ba shi aron mota. Daga safe zuwa la'asar ya juye tifa goma sha ɗaya ta jar ƙasa a ramin, aka daddaɓe. A kai ya gina falo da ɗaki biyu. Matarsa ba ta sani ba.

Da suka tare, sun yi wata guda lafiya. Ran wata Laraba, gab da magariba, Ummukulthum tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Iska ta tsaya. Shanun Yero da suka saba bi ta bayan katanga suka kewaye ta nesa. Sai ta ji ƙasa tana zuba a kan kwanon rufi, kamar ana juye buhu. Ta fita ta duba, rufin fes. Da ta dawo, tuwon ya zama ja, ƙasa ce a ciki har gindin tukunya. Ta zubar, ta ba yara burodi.

Washegari haka, jibi ma haka, kullum a daidai lokacin. Tsakiyar falo ta fara tsattsafo da ruwa, kore, mai sanyi, alhali ko hadari babu. Ta goge, ya dawo. Daga baya ta daina gogewa. Ta daina ma firgita. In rana ta yi ƙasa sai ta rufe tukunya, ta zauna, ta jira a gama zubawa. Abdulfatah ya ce aikin magina ne, zai kira su.

Sumayya ta bar wasa. Ta kan kwanta a jiƙaƙƙen wurin nan, kunnenta a kan tayil, tana kartar sa da farce har yatsunta suka fashe.

"Me kike yi a nan?"

"Yana kuka, Umma." Ta ƙara kasa kunne. "Ya yi shiru kuma."

Ta daina cin abinci. A kwana na tara ubanta ya shigo daga aiki. Yarinyar ta ɗago kai ta dube shi, muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dashe.

"Direba. Ka dawo?"

Ummukulthum ba ta shawarce shi ba. Ta kira gwaggonta a waya. Washegari bayan la'asar Habiba ta iso da Malam Datti, wani siririn dattijo da ya daɗe yana irin wannan aiki. Carbi kawai ya zo da shi, ya ce a ba shi ruwa a kofi. Ya zauna a tabarma kusa da yarinyar, ya yi ta karatu a hankali, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sumayya ta tashi zaune, ta gyara zani a kafaɗa, ita da ba zani a jikinta.

Malam ya ce, "Wace ce ke?"

"Mai wurin."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Ita kaɗai ce ta saurara. Mu ma zaɓa muka yi, Malam. A dutse muke, masu kuza suka fasa. Muka koma gindin itace, aka sare aka yi titi. Na yi ta yawo da yara huɗu ina duba wuri. Na ga ramin nan, da ruwa, ba hayaniya, na ce nan za su girma. Da an yi sallama da na tashi, na saba tashi. Uku na ja na fita da su. Ƙaramin yana barci."

Malam ya juya. "Abdulfatah, akwai rami a ƙarƙashin nan?"

Abdulfatah ya kawar da kai. Ummukulthum ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙara ɗaure goyonta.

"An gaya maka ka yi sallama?"

"An gaya min, Malam."

Muryar ta ce, "Ɗa da ɗa. Wannan zan tafi da ita."

Malam ya ce, "Ba ki da wannan. Ba ita ta tuƙa motar ba. Ke da aka zalunta, za ki tsaya gaban Allah da zalunci a hannunki?"

Daga wani masallaci mai nisa aka fara kiran magariba.

Muryar ta ce, "To ya tono min nawa, in binne shi inda na sani."

Abdulfatah ya yi sauri ya ce, "Gobe zan kawo katafila."

"Inji ya danne shi, inji ba zai taɓa shi ba. Hannunka, direba. Abin da ka zuba, ka kwashe."

Malam ya ce, "Zai kwashe. Amma ke yau za ki fita, ba sai ya gama ba."

"Zan fita. In ya tsaya, na san hanyar Dilimi."

Malam ya sa su duka suka rantse. Ya shafa wa yarinyar ruwan kofin a fuska. Ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar uwarta, barci ya ɗauke ta. A daren Ummukulthum da yaranta a gidan Habiba suka kwana, kuma can suka zauna.

Abdulfatah ya kwance rufin da kansa. Ya rushe bango, ya fasa tayil, ya shiga ƙasa da shebur da kwano. Romanus ya jira shi mako biyu, ya ba wani motar. Masu wucewa suna cewa ya zauce. Yero ya kan tsaya a bakin ramin da sandarsa, ya duba, ya wuce. Wata takwas ya yi yana hawa da sauka kafin ya kai ga tsohuwar laka. Bai ga ƙashi ba, bai ga komai ba. Ya dai ji an wuce ta gefensa da tafiyar mai ɗauke da kaya, an nufi duwatsu. Kafin ya fito, ruwa ya kai masa gwiwa.

Yatsunsa sun lanƙwashe, ba sa riƙe sitiyari. Yanzu fasinja yake kira wa masu mota a Tina Junction. Sumayya ta warke sarai, tana zuwa Islamiyya, ba ta tuna komai. Sai dai in ya shigo da yamma ta kan durƙusa da ladabi ta ce, "Sannu da zuwa, direba." An yi mata faɗa, an lallashe ta, har duka Habiba ta yi mata. Yarinyar tana kuka tana rantsuwa cewa ita ai "Baba" ta kira shi.

Ya daina gyara mata. Yana amsawa.